Muna jiran Phil a Punxsutawney, 2 ga Fabrairu

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da asuba, ko da yake ku can gida rana ta yi tuni. Yau 2 ga Fabrairu, ina wani ɗan gari a jihar Pennsylvania ta Amurka mai suna Punxsutawney, tun wajen ƙarfe huɗu muke tsaye a kan wannan tudun da suke kira Gobbler's Knob, kun ga hucin da ke fita daga bakina ko, wallahi sanyin nan har cikin ƙashi. Garin mutanensa ba su fi dubu shida ba amma ku duba taron nan, dubbai ne, wasu har da yara a kafaɗa.

Toh me muke jira? Wata dabba ce groundhog, ku ɗauka gafiya ce ta yi ƙiba sosai, gajerun ƙafafu, a rami take zama kuma idan hunturu ya shigo sai ta kwanta barci na watanni. Wannan na nan sunansa Phil. Da gari ya waye, bayan bakwai da 'yan mintuna, waɗancan dattawan masu baƙar kwat da doguwar hula za su ciro shi daga cikin kututturen can. In aka ce ya ga inuwarsa, sanyi zai ƙara mako shida, in bai gani ba to ɗumi ya kusa.

Ni abin da ya kawo ni asalin abin ne. Ranar nan tsakiyar hunturu ce, kuma kwana arba'in kenan bayan Kirsimeti, ranar da Kiristocin Turai ke bikin Kandalmas, a kai kyandirori coci a sa musu albarka. Manoman can tun da daɗewa suna cewa in ranar Kandalmas ta zo da rana tangararau to sanyi bai tafi ba, in kuma da gajimare an kusa fita. A Jamus sai aka haɗa da dabba, wani ɗan'uwan dage da ke rami, wai in ya leƙo ya ga inuwarsa sai ya koma ciki. Da Jamusawa suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania sai suka tarar groundhog ce ta cika gonaki, shi kenan ta gaji aikin. A nan garin jarida ta fara ambaton ranar a 1886, a 1887 aka fara hawowa tudun nan, fim ɗin da aka yi a kan ranar a 1993 kuma shi ya ƙara jawo baƙi haka.

Na san wani zai ce camfi ne, eh, su kansu sun sani, masu bin lissafi sun ce ko rabi Phil ba ya dacewa, kuma gaibu sai Allah. Amma ku yi tunanin manomin da ya fara wannan magana, ƙanƙara ta rufe ko'ina, ya shiga rumbu yana duba ciyawar shanu da itacen wuta, dama suna da magana cewa ranar nan ya kamata rabin ciyawarka na nan, in ta gaza rabi akwai matsala. Mutum ne ke neman alama ko abincin dabbobinsa zai kai. Wannan ya taɓa ni sosai, don na tuna kakana, Allah ya jiƙansa, da ya ga shamuwa ta sauka kan bishiya sai ya ce a fito da iri a gyara fartanya, damina ta kusa. Bai taɓa jiran rediyo ba.

Af, ga su nan sun hau dandamali, kun ji yadda ake kiran Phil, Phil? Bari in juya muku kyamara ku gani da kanku.