Geshurawa, mutanen gabashin Tekun Galili

Ku duba gabashin Tekun Galili a taswira, wajen da a yau ake kira Tuddan Golan. Kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, nan wata 'yar ƙaramar masarauta take, sunanta Geshur. Ƙasa ce ta baƙin dutse, irin wanda aman wuta ya bari, kuma da shi mutanenta suke gini.

Littafin Joshuwa, na cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce Isra'ilawa ba su kori Geshurawa ba, haka suka ci gaba da zama a tsakaninsu. To, yaya ƙaramar ƙasa irin wannan ta tsira a tsakanin manya? A ganina sun iya zaman maƙwabtaka. Sarkinsu Talmai ɗan Ammihud ya aurar da 'yarsa Ma'aka ga Sarki Dawuda, ita ce ta haifi Absalom a Hebron. Da Absalom ya sa aka kashe ɗan ubansa Amnon saboda cin mutuncin da ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar, ina ya nufa? Gidan kakansa. Shekara 3 yana Geshur, hannun kowa bai kai gare shi ba.

Akwai wani tudu da ake kira et-Tell, kusa da inda Kogin Urdun yake shiga teku. A 1987 Rami Arav, masanin tonon kayan tarihi, da abokan aikinsa suka fara tono a nan, kuma shi yana ganin nan ne babban birnin Geshur. Sun tono ƙofar gari mai ɗakuna 4, ganuwarta kauri ba na wasa ba. Daga gefen mashiga akwai 'yan matakala da wani kwarmin dutse na zuba hadaya, ga kuma dutsen da aka sassaƙa da kan bijimi mai ƙahoni kamar jinjirin wata, takobi a ɗamararsa. Masana da yawa suna ɗaukarsa allahn wata, irin wanda Aramiyawa, mutanen Siriya ta dā, suke bautawa.

A farfashe aka sami dutsen. A ɗakunan ƙofar kuwa an tarar da ƙonannen hatsi da kawunan kibau. Masu tonon suna danganta gobarar da yaƙin Tiglat-filesar na 3, sarkin Assuriya, wanda ya ci yankin a shekara ta 732 kafin haihuwar Annabi Isa.