Murhun Pelet: Yadda Ake Share Shi Kafin Ya Fara Gardama

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan murhun da kuke gani ba na girki ba ne, na ɗumama ɗaki ne. Duk wanda ya kama haya a Italiya ko Faransa ko Ostiriya, da wuya bai ci karo da irinsa ba, musamman a Italiya, inda ya cika gidaje fiye da ko'ina a Turai. Abincinsa pelet: garin katako ne da aka matse da inji ya zama ƴan ƙananan sanduna, kaurinsu milimita 6, ana sayar da su a buhu mai kilo 15.

Bari mu leƙa ciki. Nan sama rumbun da ake zuba pelet. Wannan ƙarfen mai murɗe kamar sukuru shi ke ɗebo su kaɗan-kaɗan yana jefawa cikin wannan kasko mai ramuka. Fanka ɗaya tana jan iska ta ramukan nan don wuta ta ci, ta kuma tura hayaƙi waje. Ɗayar tana hura ɗumi cikin ɗaki. To ku riƙe wannan: murhun nan da ramukan kaskon yake numfashi. Yawancin matsalar da ake kiran mai gyara a kanta, toka ce ta toshe masa hanci.

Kafin ka taɓa komai, kashe shi da maɓallinsa, ka bar fanka ta gama juyawa da kanta. Kada ka zare waya daga bango yana cikin ci, domin fankar hayaƙi za ta tsaya, hayaƙin kuma ya dawo maka ɗaki. Sai ya huce sarai, sannan ka zare.

Kasko ne aikin kullum, ko bayan kwana biyu idan ba ka kunna shi sosai. Ɗaga shi, juye tokar. Kun ga wannan dunƙulen mai tauri? Toka ce ta narke ta daskare, sak kashin maƙera. Kankare shi da ɗan ƙarfe, ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da ƙusa har ka hango haske ta ciki. Kada ka manta da ramin da ke saitin abin kunna wuta. Idan ya toshe, murhu ba zai tashi ba. Wajen mayarwa ka tabbata ya zauna daram, don in ya karkace iska za ta bi ta gefe.

Nan ne wajen da mutane ke ganganci. Ka kunna, bai kama ba, pelet ya taru fal a kasko, sai ka sake danna maɓalli. A'a! Kwashe su tukuna. Tarin pelet ɗin nan yana turnuƙewa da hayaƙi, idan ya kama lokaci guda sai ka ji dum, har gilashin ƙofar murhun na iya tsagewa. Wanda ka kwashe kuma kada ka mayar da shi rumbu.

Wuta ma tana magana. Idan harshenta rawaya ne mai haske, yana tsalle, lafiya lau. Idan ta yi ja-ja, tana lanƙwasa kamar mai jin barci, gilashi kuma na yin baƙi cikin ƴan awoyi, iska ta yi mata kaɗan.

Gilashin kuwa, ni ban ga dalilin sayen magani mai tsada ba. Jiƙa tsumma, dangwali farar toka, goge, sannan ka bi da busasshe. Amma sai ya huce.

Sau ɗaya a mako ka zaro akwatin toka, ka share bangon ciki da buroshi. Injin zuƙar toka na musamman ake amfani da shi, mai tukunyar ƙarfe. Na share kafet zai feso maka ƙurar ne a fuska. Tokar a zuba ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi, domin garwashi kan ɓuya a cikinta ya kwana da ransa.

Igiyar da ta zagaye ƙofa, mai toshe kafar iska, fa? Saka takarda, rufe ƙofar, ja. Idan ta zare ba wuya, igiyar ta mutu, a canza.

Akwai aikin da ba naka ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara mai sana'ar zai kwance fanka, ya share kunkunniyar da ta taru a bututun hayaƙi. A Faransa da Jamus doka ce, ba ganin dama ba, kuma a Faransa ka adana takardar da zai ba ka, don kamfanin inshora na iya neman ta idan gobara ta tashi. Ka kuma rataya na'urar gano iskar kabon monoksaid. Ita ce dai iskar da ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu: ba ta da wari, ba ta da launi.

Wajen saye, nemi buhu mai tambarin inganci na ENplus A1. Tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari. Idan ka ga gari ya taru a gindin buhu, bar musu kayansu. Ajiye buhunan kan katako, nesa da danshi.

Sanyi na wucewa, bar murhun ya cinye abin da ke rumbu tas, ka zuƙe sauran garin. Pelet ɗin da ya yi bazara a ciki zai sha danshi ya kumbura, ya cije sukurun nan, watan Oktoba ya zo ka danna maɓalli ka ji injin da ke juya sukurun yana gurnani, ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba.