Ajin zamani a zafin Kebbi: gilashi ko inuwa?

Auta: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga Birnin Kebbi. Yau babu doguwar gabatarwa. Hoton nan dai kowa ya gani a guruf, makarantar nan mai gilashi tun daga ƙasa har sama, ana ta cewa ga makarantar zamani. Saƙonni sun cika mana waya. Injiniya, ka gani?

Injiniya: Na gani. Kyakkyawan tanderu ne.

Malama: Kai Injiniya, tun ba a fara ba!

Injiniya: To Malama, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ka kafa gilashi yana kallon yamma, ka zuba yara 60 a ciki, ka ce sai an kawo wuta a kunna na'urar sanyi. Mi za a kira wannan? Ni wurin da nake fara duba makaranta shi ne ina ta sa gaba. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a nan tagogi za su kasance. Gajerun bangaye su kalli gabas da yamma, a toshe su ruf. Ranar kudu da ta arewa daga sama take zuwa, lanƙwasar rufi ta mita 1 ko baranda ta mita 2 ta tare ta. Ta gabas da ta yamma kuwa a kwance take shigowa, har ƙarƙashin benci.

Malama: Kuma yawancin azuzuwanmu ba sa hutawa da yamma, 'yan Islamiyya na shiga bayan la'asar. Su ranar yamma ke gasawa.

Injiniya: Kin gani. Kuma wanga gyara ko kwabo ba ya ci, juya zanen kawai za a yi kafin a haƙa fandisho. Amma sai a ce dole ginin ya kalli titi don masu wucewa su ga aiki.

Auta: Su ga fenti.

Injiniya: Su ga fenti da allon kwangila.

Malama: Bari in shigo da nawa kafin ka cinye lokacin. Ajin da aka saba zanawa mita 7 ne da 8, wato murabba'in mita 56. In ka zuba yara 40, kowa ya samu 1.4, malami na iya ratsawa tsakanin layuka ya duba littafi. In suka kai 80 an koma rabin haka, kuma daga nan duk maganar koyarwar zamani ta ƙare, don yaro ko juyawa ba ya iyawa balle a ce ku zauna biyar-biyar ku yi aiki tare. Sannan bencin nan mai haɗe da tebur na mutum uku, wanda sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, shi ma ya kafe ajin a tsari ɗaya, kowa na kallon allo. Teburi mara nauyi da kujera daban, yara da kansu za su juya ajin cikin minti 2.

Auta: Su kuma juya da su gida.

Malama: Shi ya sa ake sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, Auta. Kuma allo a kafa shi a gajeren bango mara taga. In taga na kusa da allo, ɗaukar ido kawai yake, na baya ba sa ganin komai.

Injiniya: Taga kuwa a yi ta ɓangare biyu suna kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Jimillar faɗinsu ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na daɓen ajin, ka ce murabba'in mita 11 a ajin Malama. A guji gilashin luba, mai falle-falle ɗin nan, zango ɗaya ba ya kaiwa. Tagar ƙarfe mai marfi, da ke buɗewa ta kwanta jikin bango, ita ke jure ƙwallo da jifa, kuma in hunturu ya taso da ƙura daga arewa maso gabas sai a rufe ɓangaren arewa a bar na kudu. Can sama kusa da silin a bar ƙananan ƙofofin iska da raga, don iska mai zafi sama take taruwa. Silin ɗin kuma kar ya gaza mita 3, in da hali 3 da rabi.

Auta: Raga ka ce. Don jemage?

Injiniya: Don jemage.

Auta: Ai su ne ɗaliban da ba sa fashi. Ba kuɗin makaranta, ba rajista, kuma kwana suke.

Malama: 'Yan kwana ne, har da shugaban ɗalibai.

Auta: Kuma darasi a kife suke ɗauka. Wataƙila shi ya sa suka fi mu gane lissafi.

Malama: Ka ce a kai su gasar kacici-kacici su wakilci jiha.

Auta: Sai dai a yi gasar da dare. Alƙalai su zo da tocila.

Injiniya: Ku gama.

Auta: Saura awaki. Awakin baranda fa? Su 'yan jeka-ka-dawo ne, da safe a kore su, da azahar su dawo darasin yamma.

Malama: Su ne ke sa hannu a rajistar malamai.

Injiniya: To, tunda kun kawo su, kashin jemage ba abin dariya ba ne. Yana taruwa kan silin, ya jiƙe, ya yi nauyi, silin ya rufto, ga wari da ba a iya zama. Duk ramin da ke tsakanin kwano da bango a toshe shi da ragar waya mai ƙananan ido. Iska ta wuce, baƙi su tsaya waje.

Auta: An kori ɗalibai.

Injiniya: Yanzu rufin kansa, nan ne asarar take. Ku zaga bayan ruwan farko na damina, daga Jega har Zuru, ku ƙirga azuzuwan da iska ta yaye. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take, kamar an cire hula. In kafinta ya ɗora katako kan bulo ya buga ƙusa kawai, ya gama ba iska kyauta. Abin da ake yi, a zuba linta ta zagaye ginin gaba ɗaya a saman bango, tun kankaren na ɗanye a dasa rodi ko ƙarfen ɗauri a ciki, kowane kan katako a naɗe shi da shi. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai biyu jure iska, don babu faffadan goshin da za ta daka. Kwano kar ya gaza kaurin milimita 0.45, a ɗaure da noti mai roba, a ƙara yawansu a gefuna da kusurwa, don daga nan yayewa ke farawa. Katako kuma a jiƙa shi da maganin gara kafin ya hau, ba a shafa masa baƙin mai a fuska ɗaya bayan an ɗora ba.

Malama: Kuma kwano babu silin, in ana ruwa sai dai a rufe littafi. Ko ihu malami yake ba a ji.

Injiniya: Akwai wanda ya warware wagga matsala da kyau. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina firamare a ƙauyensu Gando a 2001, wurin da zafinsa irin namu ne. Bangon na bulon jar ƙasa ne da aka matse da ɗan siminti, silin na ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama bisa ƙarafa, ya bar sarari tsakani. Rana ta gasa kwano, iska ta ratsa ta kwashe zafin, bai sauko kan yara ba. Ginin ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 2004, shi kuma ya samu Pritzker a 2022, wadda ita ce babbar kyautar masu zanen gini.

Auta: Da ƙasa? In ka kawo ginin ƙasa nan cewa za a yi an raina mu.

Injiniya: Ai nan gizo ke saƙa. Kakanninmu da suka yi soraye masu kaurin bango sun san zafi. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya sake shi, lokacin yara na gida. Sharaɗinsa biyu ne, a ɗora shi kan fandisho na kankare ko dutse don kar danshi ya hau, rufi kuma ya zarce don kar ruwa ya dake shi. In kuma bulon siminti za a yi, a yi na kirki. Buhu ɗaya mai kilo 50 ya ba da bulo mai inci 9 kamar 30 zuwa 35. In ka ji an fitar da 60, wannan yashi ne aka yi wa ado. A kuma yi ta ba shi ruwa kwana 7, don a zafinmu siminti bushewa yake kafin ya kama.

Malama: Daɓe fa? Shekara 2 sai ka ga ramuka, yara na zaune cikin ƙura.

Injiniya: Ciko ne ba a daka ba. Ana zuba jar ƙasa santimita 15, a yayyafa ruwa, a dake, a ƙara wani 15, haka har a kai. Sannan kankare santimita 10, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Abin da ake yi kuwa, a juye cikon lokaci ɗaya a shafa siminti kamar man shanu. Ƙasa ta zauna, daɓe ya bi ta. A kuma ɗaga daɓen aƙalla rabin mita daga ƙasa. Garuruwan fadama irin su Argungu da bakin Neja wajen Yauri, a tambayi dattawan unguwa inda ambaliya ta taɓa kaiwa, a wuce nan.

Malama: In an ɗaga kuma a tuna da mai keken guragu. Gangara ce ake yi, duk tashin santimita 1 a ba shi tsawon 12. Rabin mita ke nan gangarar mita 6, ba wannan tudun da ake mannawa jikin matakala don a ɗauki hoto ba.

Auta: To ina zamanin? Tun ɗazu bulo da yashi nake ji. Masu sauraro kwamfuta suke tambaya.

Injiniya: Zamanin na cikin bango. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje, don haka yaron da bai taɓa linzami ba an cuce shi. Amma ko babu kuɗin na'ura yau, a binne bututun wayarin kafin filasta, na wuta daban na intanet daban, soket aƙalla biyu a kowane bango, ɗaya a silin don majigi. Bututu arha ne. Fasa bango daga baya shi ne tsada. Sannan lissafin sola. Laftof tana cin kamar wat 50, guda 40 kilowat 2 ke nan, awa 5 a rana ya zama kilowat-awa 10. Farantin sola na kilowat 3 zai ɗauke su da rana, tunda karatun da rana ake yi ba sai an tara batir da yawa ba, kuma batir shi ne mai tsada, shi ne mai mutuwa. Kwamfutar tebur na cin ninki uku na abin da laftof ke ci. Farantin ya kalli kudu da ɗan karkata kamar digiri 12 zuwa 15, kuma a sa shi inda mutum zai iya hawa ya wanke, don ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi sosai. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta soket, a ajiye ta da batir a ɗaki mai iska, zafi ke kashe su.

Malama: Ni kuma in aka ce in zaɓa tsakanin majigi da ban-ɗaki, ban-ɗaki zan ɗauka. Yarinya ta kai shekara 12 ko 13, babu inda za ta kewaya, sai ta fara fashin kwana huɗu-biyar duk wata, daga nan ta daina zuwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya rami ɗaya ne ga 'yan mata 25. Nasu ya zama daban, ƙofarsa ba ta kallon ta maza, da sakata ta ciki, da ruwa a ciki ba a waje ba. Ramin kuma ya nisanci rijiya ko bohol da mita 30. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da Kebbi ke cikin jihohinsa na farko, karatun 'yan matan nan ne gaba ɗaya manufarsa, to ban ga amfanin sabon aji ba in babu wannan.

Injiniya: Ruwan ma rufin zai bayar. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 240, in damina ta ba da milimita 700, lita 168,000 ke nan ke zuba ƙasa tana cin gindin bango. Indararo da tanki kawai.

Auta: Maganar tsaro fa, an turo ta ya fi sau goma.

Injiniya: Bayan sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yauri a 2021 babu mai zana makarantar kwana yadda ake yi da. Gini ba zai maye gurbin jami'an tsaro ba, amma ɗakin kwana ya dawo tsakiya kusa da gidajen malamai, ba can jikin katanga ta bakin daji ba. Ofishin shugaba ya riƙa hango ƙofar shiga. Kowane ɗaki ƙofa biyu masu buɗewa waje. Kuma in an sa ƙarfen taga, ɗaya ta zama mai buɗuwa daga ciki, saboda gobara.

Auta: To, mun yi alkawarin jero abubuwa goma da kwamitin makaranta zai duba kafin ya karɓi gini daga ɗan kwangila. Malama, na ɗaya.

Malama: Auta, dubi agogo. An kusa kiran magariba.

Injiniya: Ban ma yi maganar itatuwa ba. Darbejiya, gabas da yamma, mita 6 daga bango saboda saiwa, kuma a dasa tun ranar da aka haƙa…

Auta: Injiniya, sai mako mai zuwa. Jerin goman ma sai lokacin. A gaida 'yan kwanan silin.

Malama: Ai an kore su.

Auta: Au, haka ne. Sai an jima.