Yadda tarwada ke sanin dare ya yi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, in zafin Damagaram ya bar mu.

Na farko, melatonin. Sinadari ne da jiki ke haɗawa da dare, gari na wayewa ya daina. Aaron Lerner ya gano shi a Amurka a 1958, daga kawunan shanu. Asalinsa wani sinadari ne na cikin abinci, triptofan, ya koma wani sinadarin, serotonin, sai ƙwayoyin gado biyu su ƙarasa aikin, aanat da asmt. Asmt mu bar shi yau.

Aanat kuwa, a nan za mu zauna. Mu ƴan Adam guda ɗaya gare mu. Wasu kifaye har uku: aanat1a da aanat1b, galibi a ido, sai aanat2 cikin wani ɗan ƙullutu a saman ƙwaƙwalwa da ake kira pineal. Aanat1a da aanat1b tagwaye ne, tun lokacin da kundin gadon kakannin kifayen ya ninku, sama da shekara miliyan 300 ke nan. Dare na yi aanat2 ya kama aikin haɗa melatonin, haske na faɗowa a rushe abin da ya gina. Ɗumin ruwa ma na taɓa saurinsa.

Ku saurara, nan daɗin yake. A kifin salmon, ƙullutun nan da kansa yake ganin haske ta ƙoƙon kai, ido na uku ke nan. An daɗe ana zaton duk kifi haka yake. Sai a 2007 masu bincike a Jami'ar Stirling ta Sikotilan suka gwada karfasa da tarwada, irin waɗanda ake kamawa a tafkin Gidimuni, ka saya soyayyu da yaji a takarda. Ashe su sai ido ya kai labari! Babu ido, lissafin dare ya rikice. Kamar mu dai. Tarwada ƴar'uwarmu ce, ni dai ban ce ku daina ci ba.

Na huɗu... a'a, na biyu ko? Baba, ga hannunka a sama, bismilla.

Baba yana tambaya, in ya kunna fitila kan ramin kifinsa dare duka, za su ƙara ci su ƙara girma? Baba, ga ƴaƴan tarwada kam kashe ta. Fitila na danne melatonin, kuma an ga ƙananan sun fi girma cikin duhu, sun fi rage cizon juna. Ka rufa musu tabarma ko buhu, ka bar kafar iska. Kuɗin batir kuma ka sayi abincinsu da shi.