Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata, Ɗan Kwamitin Gyaran Tsarin Mulki, Yayin Ziyararsa a Jos

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Mai girma Sanata, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, iyaye mata, 'yan kasuwa da matasa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Jos, sannu da hanya, sannu da sanyin garinmu. Ba sai mun tsaya jero ayyukanka ba, cikar wannan zaure tun hantsi ta isa shaida. Abin da ya sa muka dage sai kai, mun san kana cikin 'yan majalisar da ke bin ƙudiri layi-layi kafin su ɗaga hannu. Buƙatarmu ɗaya ce, za mu kuma faɗe ta tun shayi bai huce ba: idan maganar ɗan asalin jiha ta sake zuwa gabanku, ka tsaya mana a kan kalmomin da za a rubuta ta da su.

Mu ba jiya muka zo ba. Tun farkon ƙarnin da ya wuce, da Turawa suka buɗe ramukan kuza, kakanninmu ke wanke ƙasa a bakin kogin Dilimi, suna ɗaukar kwano a ka. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914 ya tarar da su. A unguwar Gangare suka yi aure, suka haifi iyayenmu, a makabartun garin nan suke kwance. Mahautanmu da direbobinmu, masu katako da masu gwari, da su aka raya kasuwannin Jos, tare da maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda muke girmama tarihinsu da sarautunsu. Da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, dukiyarmu da tasu wuta ɗaya ta ci. Rikicin 1994 da na 2001 da na 2008 da na 2010 kuwa, babu ɓangaren da bai haƙa kabari ba, kuma duk wanda ya bi diddiginsu zai tarar da tambaya guda a ƙasa: wa ke da gari?

Yau yaronmu zai gama sakandare da sakamako mai kyau, ya nemi shiga soja ko ɗan sanda ko tallafin karatu, a ce ya kawo takardar indijin, wato shaidar cewa shi ɗan asalin jiha ne. Ya je inda ake bayarwa, a ce ya koma garin kakansa. Ya hau mota zuwa Kano ko Katsina, can kuma a tambaye shi gidan wa ya fito, ya rasa amsa. Muna da irin waɗannan yara a kowane layi. Iyayensu mata ga su nan zaune a bayanka.

Ka fi mu sanin inda gizo ke saƙa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 147, ya ce minista sai ɗan asalin jiha, amma bai tsaya ya bayyana wane ne ɗan asalin ba. Sashe na 318 ya jingina kasancewar mutum ɗan jiha ga ƙabilar iyayensa ko kakanninsa. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda inda mutum ya fito. Sashe na 15 kuwa, wanda ya yi alkawarin cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin ƙasar nan, an ajiye shi a babi na biyu, inda sashe na 6 ya ɗaure hannun kotu. Wato kalmar da ke cutar da mu tana da haƙori, wadda ke kare mu kuma dasashi kawai gare ta.

A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin da zai mai da wanda ya shekara goma a jiha ɗan asalinta. Mun yi murna, amma dattawanmu tun a lokacin suka girgiza kai. Da aka ce “ɗan asali”, maƙwabcinmu bai ji maganar makaranta ko aiki ba, gonar gado ya ji, da sandar sarauta. Muhawara ta bar kan yaron da ke neman takarda ta koma kan wa zai ƙwace ƙasar wa, har mai ƙudirin ya janye abinsa. Haka aka yi da shirin Ruga na kafa wa makiyaya matsugunai a 2019: sunan kawai aka ji, gari ya ɗauka, aka dakatar da shi kafin yawancin mutane su karanta abin da ke ciki. Ba ma ganin laifin wanda ya tsorata. Mu ma da wani zai zo da kalmar da ta yi kama da ƙwace gidajenmu, da mun tashi tsaye.

Saboda haka, ranka ya daɗe, kada a sake ɗora mana wannan kalma. A rubuta “haƙƙin mazauni”. A ambaci abin da ya ƙunsa da sunansa: karatu, tallafin karatu, aikin gwamnati, shiga aikin ɗamara. A rubuta ƙarara cewa bai taɓa ƙasar gado ko sarautar gargajiya ba. A ce wajibi ne, kada a ce “ana iya”, domin mun ga yadda “ana iya” ke zama “ba yanzu ba” a teburin ma'aikaci. A kuma sa shi inda kotu za ta iya sauraron ƙararmu. Gyaran tsarin mulki sai da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma ba za a same su da kalmar da ke firgita rabinsu ba.

Muna kuma roƙon a yi zaman jin ra'ayin jama'a a nan Jos, a fassara ƙudirin da Hausa da harsunan maƙwabtanmu, kowa ya ji da kunnensa kafin masu kururuwa su fassara masa.

Akwai maganar ruwa da hanyoyin unguwanninmu, amma kwamitinmu na tarba ya yanke shawarar barinsu sai wani zuwan, don kada su danne wannan. Ga takardar da muka rubuta kalmomin a ciki, shafi ɗaya ne. Muna roƙonka ka sa ta a aljihunka, ka shiga da ita zaman kwamitinku da hannunka.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai Abuja lafiya.

Shugaba da Sakataren Kwamitin Tarba, a madadin al'ummar unguwanninmu.