Tarihin da Kamfanonin Ginin Japan Ke Kafawa a Takarda

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk shekara, bayan Japan ta rufe littafin kuɗinta a ƙarshen watan Maris, ƙungiyar kamfanonin gine-ginen ƙasar masu aiki a ƙetare, wadda ake kira OCAJI, takan fitar da jimillar kwangilolin da 'ya'yanta kimanin 50 suka samo a waje. 'Yan shekarun nan kuwa, alƙaluman na fitowa sai a hau kiɗa da rawa, wai an kafa tarihi. Kafin ka ankara masu fashin baƙi sun ɗora nasu: Japan ta farka, China ta gamu da gamonta, Afirka ta samu wani zaɓi. Gaskiya wannan magana ta fara isata. Duk mai faɗinta, kan labarin kawai ya karanta, bai leƙa cikinsa ba.

Ga alƙaluman a taƙaice. A 1983 jimillar ta fara haura yen tiriliyan 1. Ta kai wajen tiriliyan 1.6 a 1996, sai rikicin kuɗi na Asiya ya karya ta. Ta sake tashi zuwa kusan tiriliyan 1.7 a 2007, lokacin da ƙasashen Larabawa ke facaka da kuɗin mai, sannan ta faɗo ƙasa da biliyan 700 a 2009. A 2019 ta tsallake tiriliyan 2 a karon farko, korona ta maido ta tiriliyan 1.1 a 2020, ta sake haura 2 a 2022, ta kai wajen 2.3 a 2023. Wannan na 2023 shi ne aka yi ta yayatawa a lokacin da sunan wanda ba a taɓa gani ba.

To, da wane kuɗi aka ƙirga? Da yen. A 2019 dala ɗaya wajen yen 109 ce. A 2023 ta koma wajen 145, har ma ta haura 160 a tsakiyar 2024. Ɗauki alƙalami ka raba da kanka. Tiriliyan 2 da ɗoriya na 2019 ya kama dala biliyan 19. Tiriliyan 2.3 na 2023 bai cika dala biliyan 16 ba. Ke nan shekarar da aka ce an kafa tarihi, a ma'aunin kuɗin da duniya ke cinikin siminti da rodi da shi, baya aka ci. Kwangilar da aka sa wa hannu da dala a Texas, ko da dalar Singafo, idan aka juya ta zuwa yen da ya rame dole ta kumbura a takarda, alhali ko bulo ɗaya ba a ƙara ba. Mu da muka ga kasafin kuɗin Najeriya yana ninkawa a naira yana ƙanƙancewa a dala, ba mu ne za a yi wa wannan rufa-ido ba. Ba a ma yi maganar tsadar ƙarfe da ladan ma'aikata ba, waɗanda su ma sun hura farashin kowane aiki.

Amma ko a bar batun canji, abin da ya fi damuna shi ne wurin da ayyukan suke. Wajen kashi 80 cikin 100 na kwangilolin nan a Asiya da Arewacin Amurka ake samunsu, kuma Amurka da Singafo ne kan gaba kusan kowace shekara. Sannan kashi biyu cikin uku, wani lokaci ma fiye, ba uwar kamfani ce daga Tokyo ko Osaka ta je ta ci takara ba, rassanta ne da ke da rajista a can. Wasu rassan kuwa sayensu aka yi. Obayashi ya sayi Webcor na San Francisco a 2007. Kajima ya sayi Batson-Cook na jihar Jojiya a 2008, ya sayi Icon na Ostareliya a 2015. Idan Ba'amurken injiniya, da Amurkawan lebura, suka gina wa Ba'amurken ɗan kasuwa rumbun ajiyar kaya a bayan garin Atlanta, wannan aikin zai shiga jimillar da ake kira nasarar Japan a ƙetare. Kasuwanci ne halal, ba na ja. Riba ce mai tsafta. Amma don Allah a daina kawo shi a matsayin shaidar cewa Japan ta ɗaura ɗamarar gina ƙasashe masu tasowa.

Abin da alƙaluman ke faɗi shekara da shekaru abu ɗaya ne: kamfanonin nan ba sa zuwa sai inda biya ya tabbata. Inda kotu ke aiki, inda takardar yarjejeniya ke da daraja, inda in an kai takardar neman biya a wata kaza kuɗi zai shigo a wata kaza. Nan suke zuwa.

Kuma suna da dalilinsu, dole a faɗa. A 2006 wata gamayyar kamfanoni mai suna COJAAL, wadda ta haɗa Kajima da Taisei da Nishimatsu da Hazama da Itochu, ta ci kwangilar ɓangaren gabas na babbar hanyar da ta ratsa Aljeriya daga gabas zuwa yamma, kusan kilomita 400, a kan kuɗin da ya haura yen biliyan 500. An yi murna sosai a Tokyo a lokacin. Sai ƙasa ta ƙi ba da haɗin kai, duwatsun yankin Constantine suka zo da abin da ba a lissafa ba, aiki ya yi ta ja, wa'adi ya wuce, aka shiga jayayya kan wanda zai ɗauki ƙarin kuɗi. A farkon 2014 wani sashe na ramin da aka haƙa ƙarƙashin dutsen Jabal Wahsh ya rufta. Ba a sasanta ba sai a 2016, Japanawa suka tattara nasu ya nasu. Ragowar kilomita 84 da ke dab da iyakar Tunisiya, kamfanin CITIC na China ne ya ƙarasa, aka buɗe a 2023. A Dubai ma haka: Obayashi da Kajima na cikin waɗanda suka gina jirgin ƙasan cikin birni da aka ƙaddamar ranar 9 ga Satumba 2009, aka yi ta sauya zane kuɗi na ƙaruwa, sai ga Dubai kanta ta faɗa matsalar bashi. Obayashi ya rufe wannan shekara da asara. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga waɗannan ayyuka biyu shugabannin kamfanonin suke gudu, kuma har yau ba su tsaya ba.

Za a ce mini, ai ga ayyukansu a Afirka. Na sani, kuma masu kyau ne. Gadar da ke kan Kogin Nil a Jinja ta Uganda, wadda Zenitaka ya gina tare da Hyundai na Koriya aka buɗe a 2018. Mahaɗar hanyoyi ta Tema a Ghana, aikin Shimizu da Dai Nippon, wadda duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Kumasi ko Tamale ya san irin cunkoson da ake sha a tsohon shataletalen kafin a gama kashin farko a 2020. Gadar 'Yanci ta Juba a 2022. Filin sauke kwantena na Mombasa da Toyo ya gina. Amma ku tambaya, wa ya biya? Galibi hukumar JICA ce, wadda gwamnatin Japan ke tallafa wa ƙasashe masu tasowa ta hannunta, ko kyauta ko rance. Idan kyauta ce, sharaɗin shi ne babban ɗan kwangila ya zama kamfanin Japan. Akwai kuma wani nau'in rance mai ruwa ƙalilan da aka ɓullo da shi a 2002, shi ma da irin wannan sharaɗi. Wato kuɗin ya fito daga Tokyo, ya koma Tokyo, babu ma'aikatar kuɗin wata ƙasa a tsakani da za ta ce a dawo bayan an sa hannu a kasafi. Biya ya tabbata, shi ya sa suka zo. Duk da wannan gata, akan tallata aikin JICA a rasa kamfanin Japan da zai nema, ko wanda ya nema ya sa farashin da ya fi ƙarfin kuɗin da aka ware. Shi ya sa rabon Afirka a jimillar shekara bai wuce ɗan abin da za a ƙirga da yatsun hannu ɗaya cikin ɗari ba a yawancin shekaru.

Ko a Najeriya, ina aka ga Japanawa da babban aiki? A Bonny, wurin sarrafa iskar gas. JGC na cikin waɗanda suka gina rukunan farko, Chiyoda na cikin masu aikin rukuni na bakwai. Waɗannan kamfanonin haɗa matatu ne, ajinsu daban da na masu gina hanya da gada, amma halin ɗaya ne: mai aikin yana sayar da gas da dala, yana biya da dala.

Masu kare su kullum maganarsu ɗaya ce, inganci. A 2015 Firaminista Shinzo Abe ya ƙaddamar da shirin gina ababen more rayuwa masu inganci, na dala biliyan 110 cikin shekaru biyar, aka kuma sa ƙasashen G20 suka amince da ƙa'idojin inganci a taron Osaka na 2019. Madalla. Wa ya ce aikinsu ba shi da inganci? Amma a shekarar 2015 ɗin ce Indonesiya ta ɗauki aikin jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Jakarta zuwa Bandung, wanda Japan ta yi shekaru tana bincikensa, ta miƙa wa China, domin China ba ta nemi gwamnati ta tsaya wa bashin ba. An buɗe layin a 2023. Ingancin da bai shiga takara ba, ina amfaninsa ga mutumin da motarsa ta kwana a laka? Kamfanonin China sun sa hannu a sababbin kwangilolin waje na sama da dala biliyan 260 a 2023. Ku ajiye wannan kusa da biliyan 16, sannan ku sake faɗa mini wanda ya gamu da gamonsa. A Afirka kuwa, fiye da rabin abin da manyan 'yan kwangilar waje ke samu yana hannun China.

Ban ce hanyar China ce daidai ba. Bashin da ta bari a wasu ƙasashe magana ce ta wata rana, kuma mai yiwuwa nan da shekara 20 a ga cewa taka-tsantsan ɗin Japanawa ya fi. Gwamnatin Japan ma ta gwada ɗaukar kasada da kuɗinta, ta kafa asusun JOIN a 2014 don ya shiga ayyukan waje da jari, sai ga shi ya bayyana asarar kusan yen biliyan 80 a shekarar kuɗi ta 2023, mafi yawanta daga jirgin ƙasan Texas da bai tashi ba da kuma ayyukan Myanmar. Ka ji fa, har Texas. Bayan wannan, wane jami'i ne zai sa hannu a kan hanyar da ke ratsa Sahel?

Sannan akwai abin da masu kiɗan tarihi ba sa so a taɓo. Aiki ya yi wa kamfanonin nan yawa a gida. Kuɗin da ake zubawa a gine-gine cikin Japan ya faɗi daga yen tiriliyan 84 a 1992 zuwa wajen 42 a 2010, lokacin da yunwa ta kora su waje, a 2023 kuwa ya dawo wajen 70. Masu aikin gini sun ragu daga miliyan 6.85 a 1997 zuwa ƙasa da miliyan 5, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku sun kai shekara 55 ko sun wuce. Tun Afrilun 2024 doka ta ƙayyade awannin ƙarin aiki a fagen gini. Shugaban kamfani yana da ƙwararren injiniya guda a hannu: ya tura shi Kumamoto a cikin Japan, inda Kajima ya gina wa TSMC, kamfanin Taiwan mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urori, masana'anta, ko ya tura shi ƙasar da sai an yi shekara ana bin takardar biya daga ofis zuwa ofis? Kumamoto zai tura shi, kuma ko ni ne haka zan yi.

Saboda haka ministocinmu da ke cika jirgi zuwa TICAD, taron Japan da ƙasashen Afirka wanda ake yi tun 1993, su rage dawowa da hotunan musabaha da takardun fahimtar juna. Kamfanin da ke son tabbacin biya, tabbacin biya ake kai masa: asusun da ba a taɓawa sai don aikin, inshorar NEXI, hukumar Japan mai ba cinikin waje kariya, sharaɗin sasanci a kotun da ɓangarorin biyu suka yarda da ita. Kafin nan kuma a fara biyan 'yan kwangilar gida da ke bin gwamnatoci bashin shekara da shekaru, domin ofisoshin jakadancin Japan suna karanta jaridunmu, kuma suna aika rahoto gida.