Daga Laulayi Zuwa Kan Gwiwa: Wahalar da Ake Jurewa da Wadda Ba a Jurewa

Assalamu alaikum, masu kallo. A yawancin gidajenmu, idan amarya ta samu cikin fari, ba ita take faɗa da bakinta ba. Uwar miji ce, ko wata facala, za ta lura cewa ta daina zama kusa da murhu idan ana soya albasa, ko ta ga tana yawan tofar da yawu, sai a yi murmushi a ce Allah ya raba lafiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Wannan kunya tarbiyya ce da muka gada, kuma tana da kyawunta, amma akwai lokutan da take hana mace faɗin abin da yake damun ta a daidai sa'ar da faɗin zai ceci ranta. A yau za mu bi mai juna biyu tun daga ɓatan wata har zuwa jego, domin mu bambance wahalar da aka saba gani a kowane ciki da wadda take nufin a kama hanyar asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.

Ma'aikatan lafiya suna ƙirga ciki daga ranar farko ta jinin al'adar ƙarshe, kuma cikakken ciki yana ɗaukar kimanin makonni 40, wato kwana 280. Saboda haka ranar da mace ta lura watanta ya wuce, a lissafin asibiti cikinta ya riga ya kai makonni 4 ko fiye. A lokacin jikinta ya fara samar da wani sinadari mai suna hCG, wanda shi ne tsinken gwajin da ake saya a kemis yake ganowa a cikin fitsari. Hauhawar wannan sinadari da 'yan uwansa ce take kawo abin da muke kira laulayi: nono ya yi nauyi ya yi tsami, fitsari ya yawaita, kasala da barci su rufe mace ko da tsakar rana, ƙamshin turaren da take so jiya ya koma abin da yake tayar mata da zuciya. Tashin zuciyar yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen mako na 9, sannan ya lafa wa yawancin mata tsakanin mako na 12 da na 16. Kwaɗayin tsamiya ko ɗanyen mangwaro ba abin damuwa ba ne, amma idan ran mace yana biya mata farar ƙasa ko gawayi, ya kamata a auna jininta, domin irin wannan kwaɗayi yana yawan tafiya tare da ƙarancin jini.

Babu ciki biyu da suke zuwa iri ɗaya, ko da a jikin mace ɗaya. Wata ba ta sanin tana da ciki sai ya fara motsi, wata kuma tana kwance wata uku ko ruwa ba ya zama a cikinta. Don haka zalunci ne a ce wa mai laulayi son jiki take yi, ko a riƙa yi mata gori da cewa wance tana daka tana surfe har ranar da ta haihu. Cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, da shan ruwa da kurɓi-kurɓi, da ɗan shayin citta, suna sauƙaƙa wa mata da yawa. Sai dai idan amai ya kai ga komai ba ya tsayawa har yini guda, fitsari ya ragu ya yi duhu, mace tana ramewa tana ganin jiri, to abin ya wuce laulayin da ake jurewa a ɗaki, tana buƙatar ƙarin ruwa da magani. Haka nan duk jinin da ya ɓullo a farkon ciki ya cancanci a duba shi. Mafi haɗari shi ne ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, tare da ɗigon jini da jiri ko suma, domin yana iya nufin cikin ya zauna a wajen mahaifa, kuma idan wurin ya fashe jini yakan zuba ta ciki inda ido ba ya gani.

Tun daga shekarar 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, kuma zuwan farko ya kasance a cikin makonni 12 na farko. Mu kuwa an fi jira sai ciki ya fito, wani lokaci don kunya, wani lokaci don tsoron bakin mutane. Wannan jira yana da asara, domin ƙaramar ƙwayar nan ta folik asid da take kare ƙwaƙwalwa da lakar jariri ta fi amfani a makonnin farko, lokacin da ake halittar waɗannan sassa. A wurin awo ne ake ba da maganin ƙarin jini, da allurar rigakafin tetanus, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wanda ake farawa daga mako na 13, kuma a nan ake auna hawan jini a kowane zuwa. Maganar da ake yaɗawa cewa maganin ƙarin jini yana sa ɗa ya yi girman da zai gagara fita ba gaskiya ba ce, kuma macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ita ce ɗan jinin da ta zubar zai fi saurin kayarwa.

Idan wata ya kama, ciki yakan riƙa tamkewa yana saki ba tare da tsari ba, ya lafa idan mace ta kwanta ko ta sauya zama. Wannan share fage ne. Naƙudar gaskiya tana zuwa a jere, kowane murɗawa ya fi na baya ƙarfi da tsawo, tazarar da ke tsakani tana raguwa, kuma hutu ba ya tsayar da ita. Mata da yawa suna cewa daga ƙugu take tasowa ta zagayo mara. Majina mai ɗan jirwayen jini takan fito, faya kuma tana iya fashewa kafin ciwo ko a tsakiyarsa. Idan faya ta fashe, ko babu ciwo, a tafi asibiti, musamman idan ruwan ya fito kore ko yana wari. Abin da yake faruwa a ciki shi ne bakin mahaifa yana laushi yana buɗewa a hankali har ya kai santimita 10. Matakin farko yana iya jan lokaci, amma daga santimita 5 zuwa cikakkiyar buɗewa ba a saba wuce awa 12 ga mai haihuwar fari ba, ko awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa. Bayan nan ne nishi yake zuwa da kansa, kuma yunƙuri kafin ungozoma ta tabbatar hanya ta buɗe yana iya kumbura bakin mahaifa ko ya yaga shi.

Ku dubi yadda abin yake kasancewa a gidaje da yawa. Yarinya ta zo goyon ciki gidan iyayenta, ciwo ya fara mata bayan sallar isha'i, amma tana jin nauyin ta tashi mahaifiyarta. Ta durƙusa a gefen gado, ta cusa bakin zaninta a baki don kada a ji nishinta, gumi yana karyo mata, har asuba ta yi kafin wata tsohuwa ta leƙo ta gane halin da ake ciki. Idan Allah ya sa ta sauka lafiya, sai a yi ta yabon ta a wajen barka, ana cewa ko tari ba a ji ta yi ba. Wannan yabo shi ne yake koya wa ƙannenta cewa shiru shi ne mutunci, alhali kuwa Hausawa da kansu sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 23 ta Suratu Maryam, ya ba mu labarin yadda naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino har ta furta cewa ina ma ta mutu kafin wannan rana. Idan mace mai wannan daraja ta bayyana azabar da take ji, babu dalilin da zai sa a ɗauki faɗin ciwo a matsayin abin kunya ga 'ya'yanmu.

Illar shiru ta fi bayyana a doguwar naƙuda. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ɗan ya kwanta a gicciye, babu rubutu ko jiƙon da zai faɗaɗa ƙashi. Kan yakan tokare, ya danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara na tsawon sa'o'i har jini ya daina kai masa, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Wannan ne asalin mafi yawan yoyon fitsari, kuma sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Yankan gishiri da wasu suke yi da aska don a buɗe hanya ba ya buɗe komai, sai dai ya ƙara jawo yoyon da zubar jini. Allurar naƙuda da ake yi a gida ko a bayan kanta, ba tare da an san yadda ɗa yake kwance ba, tana iya fasa mahaifa. Ana gyara yoyon fitsari, kuma dubban mata sun warke a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana aiki, da cibiyar Laure a Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi. Amma tiyatar da za a yi a kan lokaci a ciro ɗa da ransa ta fi wannan gyara sauƙi nesa ba kusa ba, kuma matar da aka yi wa aiki ba ta gaza da komai ba.

A nan akwai magana ta musamman ga maza. An sha ganin mace tana kan gwiwa, mota tana ƙofar gida, amma an ƙi fita da ita domin maigida yana kasuwa ko ya yi tafiya, babu wanda zai ba da izini. Ka ba da izinin tun ciki yana wata bakwai, a gaban mahaifiyarka da duk wanda yake gidan. Ka tanadi kuɗin mota da lambar direban da zai amsa waya da tsakar dare, ka kuma san ɗan uwan da zai iya ba da jini idan an nema.

Jijjiga, wato faɗuwa da karkarwar jiki da take kama mai ciki, ita ma tana yin sallama kafin ta shigo. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, da gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, da kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙari, duka alamu ne na hawan jinin masu ciki, wanda ake fara zargi idan awo ya kai 140 bisa 90. Idan mace ta faɗi tana taune harshe, sai a ce iskoki ne, a ɓata sa'o'i ana hayaƙi. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a ɗura mata komai a baki, a garzaya da ita inda za a yi mata allurar magniziyam salfet, wadda take tsayar da jijjigar kuma take hana ta dawowa.

Bayan an ji kukan jariri, hankalin kowa yakan koma kansa, alhali a sa'o'in nan ne uwa ta fi shiga haɗari. Mabiyiya takan faɗo cikin kimanin minti 30, kuma ba a jan cibiya da ƙarfi don a fito da ita. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi wajen gane cewa jinin ya wuce kima shi ne mililita 500, wato cikin ledar ruwan sha guda ɗaya tak. Wannan ya nuna kuskuren masu cewa a bar mugun jini ya gama fita. Matsalar ita ce ido ba ya iya kimanta jinin da zannuwa suka tsotse. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu a ƙasa, da layukan awo a jikinta, ta yadda ungozoma za ta ga jinin yana hawa layi bayan layi. Da ya kai iyaka, sai a haɗa matakan gaba ɗaya maimakon a gwada su ɗaya bayan ɗaya: a murza mahaifa, a ba da allurar da take tsuke ta, da maganin tsayar da jini, da ƙarin ruwa, sannan a duba ko akwai yagewa. Wannan tsari ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100. Darajar wannan aiki tana fitowa idan muka tuna cewa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a dalilin ciki da haihuwa a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan rashi a duniya.

Jego yana da gatansa, na hutu da gasasshen nama da kulawar dangi, kuma wannan gata abin riƙewa ne. Abin da yake buƙatar sassauci shi ne wanka da tafasasshen ruwa da yawan shan kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Mai jegon da take haki idan ta kwanta, ƙafafunta suna kumbura, tana tari da dare, tana buƙatar likita ya duba zuciyarta. Haka ma wadda zazzaɓi ya kama, ko jinin biƙi ya yi wari, ko ya dawo da yawa bayan ya ragu, ko ta shiga baƙin ciki da kuka har ta kasa kula da jaririnta. Ana son wadda ta haihu a asibiti ta yi aƙalla awa 24 kafin a sallame ta, a sake duba ta da jaririn a kwana na 3, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sai kuma a mako na 6, wanda ya zo daidai da lokacin arba'in, kafin ta koma ɗakin mijinta.